Shanun da Yero Bai Sata Ba

Assalamu alaikum Anti Rahmatu,

Don Allah ki taimake ni da shawara. Abin nan ya tsaya mini a rai, kuma duk wanda na fara ba wa labarin sai ya yi dariya tun ban kai ƙarshe ba, ya ce ai wasa ne. Na san wasa ne. Amma wasan ya raba yayana da amininsa, ni kuma na gano gaskiyar abin da ya faru, na rasa yadda zan yi da ita. Na zaɓe ki ne saboda na ga kina amsa tambayoyin kwamfuta a filin nan, kuma ba kya raina damuwar mutum. Sunayen da zan ambata duk na canza su.

Ni budurwa ce, an haife ni a shekarar da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula. Na karanta ilimin kwamfuta, yanzu ina koyarwa a wata ƙaramar makarantar koyon kwamfuta a Ƙofar Kaura. Gidanmu yana Ƙofar Marusa. Yayana Hashimu shi ya fara ɗora hannuna a kan kwamfuta tun ina firamare, shi ya nuna mini yadda ake rubuta kod, wato umarnin da na'ura ke bi. Tun da ya gama bautar ƙasa yake neman aiki bai samu ba. Duk kakar zaɓe sai a yi masa alkawari, a karɓi takardunsa, daga nan shiru. Ban faɗi wannan don in tona masa asiri ba, sai don ki gane matsayin abin da zan ba ki labari a wurinsa.

Akwai wani gem da matasa ke bugawa ta intanet, mutane da yawa a fili ɗaya, kowa daga kwamfutarsa. Ana gini a ciki, ana noma, ana kiwo. Masu gem ɗin sun ba da dama ga duk wanda ya iya kod ya ƙara abin da yake so, irin wannan ƙarin shi muke kira mod. Yaya Hashimu ya ce shanun cikin gem ɗin ba su yi kama da namu ba ko kaɗan, sai ya zauna ya rubuta mod na kiwo irin namu. Ni na taya shi da zanen launukan shanun kawai, sauran aikin duk nasa ne.

Wanda ya fi kowa taimaka masa shi ne Yero, amininsa tun sakandare. Yero Bafulatani ne, iyayensa sun dawo bayan gari da zama tun lokacin da ɓarayi suka kore musu garke, shekarun baya. Shi yanzu aikin haɗa sola yake yi. Shi ya riƙa gaya wa Yaya yadda farin sa bunaji ya bambanta da jan sa rahaji, yadda saniya ke tsayawa ta jira maraƙinta, yadda garke ke bin wadda ta saba jan gaba. Har muryarsa aka ɗauka yana kiran shanu aka sa a ciki: in ka danna maɓallin kira, muryar Yero za ka ji, shanunka kuma su biyo ka. Anti, da kin ga fuskarsa ranar da ya fara jin kansa a cikin gem ɗin.

To ga inda matsalar take, ki yi haƙuri da dogon bayani. Gem irin wannan ɓangare biyu ne. Akwai kwamfutar ɗan wasa, ita ke zana hoto, ta fitar da sauti, ta karɓi maɓallin da ka danna. Akwai kuma saba, wato kwamfutar da kowa ke haɗuwa a kanta. Ita ba ta da allo, ba ta da lasifika, aikinta shi ne riƙe abin da ke faruwa: wa ke ina, me ya mallaka. In kana wasa kai kaɗai, ɓangarorin biyu duk suna cikin kwamfutarka, don haka ko ka cakuɗa su ba za ka ga illa ba. Haka Yaya ya yi. Kod ɗin da ke fitar da sautin kira da wanda ke yanke hukuncin wace saniya za ta bi wa, duk a wuri ɗaya ya rubuta su, kuma a laftof ɗinsa komai lafiya lau.

Ranar da ya ɗora mod ɗin a kan sabar da abokansa ke wasa, sai sabar ta ƙi tashi. Ta je neman kod ɗin sauti, wanda babu shi a wurinta, ta tsaya cak. Abokai suna jira a guruf ɗinsu na waya, ana ta tsokanarsa, ana cewa Injiniya ya ci wuta, da yake haka suke kiransa. Shi kuma ba ya son a yi masa dariya. Da yammar nan ya yi gyaran gaggawa: ya mayar da dukkan lissafin kiran kan kwamfutar ɗan wasa, ita za ta tantance shanun da suka amsa, ta aika wa saba sakamako, saba kuma ta karɓa ba tambaya. Sabar ta tashi, aka yi ta yaba masa. Ni a lokacin ban ma san ya yi haka ba.

An daɗe ana wasa lafiya. Sai aka fara ƙorafi cewa shanu na ɓacewa a mashaya, wani rafi a cikin gem ɗin inda kowa ke kai garkensa. Duk sanda Yero ya je ya kira nasa, sai wasu shanun mutane su bi shi, su kuma koma nasa. Wani mai suna Almu ya ɗauki hoton allonsa ya sa a guruf, ga shanu da alamar shi Almun a jikinsu suna bin Yero. Yero ya rantse bai taɓa komai a kwamfutarsa ba, ya ce shi a allonsa shanun ba su da alamar kowa, ya zaci na daji ne da gem ɗin ke fitarwa. Ba wanda ya yarda. Almu ya rubuta cewa ai gado ne. Wani kuma, Sammani, ya ɗauko hoton Yero na gaske ya liƙa masa bindiga a kafaɗa, ya rubuta "ɓarawon shanu" a ƙasa, aka yi ta turawa ana dariya.

Anti, kin san garin nan, kin san halin da ake ciki. Irin wannan sunan ba ya tsayawa a wasa idan aka liƙa wa Bafulatani. Ya fito daga waya ya zo majalisarsu ta bakin titi. Na ji an ce wani ya kira shi da shi a gaban mutumin da ya zo neman a haɗa masa sola, mutumin ya tafi bai dawo ba. Kuma Yero mutum ne da aka raba iyayensa da shanunsu na gaske.

Da matsin ya yi yawa, Yaya Hashimu, da yake shi ke riƙe da sabar, ya cire Yero daga wasan. Ya ce na ɗan lokaci ne har ƙura ta lafa. Yero bai yi musu ba. Ya rubuta "Na gode" ya fita daga guruf ɗin. Tun daga ranar bai sake tako gidanmu ba. Kuma da yake ɓatan shanun ya tsaya bayan tafiyarsa, sai kowa ya ce to ga shi nan, gaskiya ta fito.

Ni dai zuciyata ba ta kwanta ba, domin na san Yero ko saka gem ɗin a kwamfuta sai da Yaya ya yi masa, ina zai iya canza kod? Wata rana da rana babu ɗalibai, na buɗe kod ɗin na karanta a tsanake, a nan na ga gyaran gaggawar nan. Na haɗa kwamfuta biyu, ɗaya a kan intanet ɗin makaranta, ɗaya a kan datar wayata na kai ta lungun da sabis ba ya kamawa sosai. Na danna kira a ta biyun. Wallahi shanun ɗayar suka biyo ni. Abin da ke faruwa shi ne, in sabis ɗinka ba shi da ƙarfi, kwamfutarka tana ganin saniya kafin labarin mai ita ya iso, sai ta ɗauka ba ta kowa ba ce, ta gaya wa saba ta zama taka. Yero ne kaɗai ke zaune a bayan gari inda sabis ke wahala, kuma shi ne kaɗai ke yawan amfani da kiran, sauran kora shanunsu suke yi kamar awaki.

Na zauna na raba kod ɗin. Sauti da hoto na bar su a ɓangaren ɗan wasa, hukuncin mallaka na mayar wa saba. Na gwada, matsalar ta tafi. Sannan na sami Yaya bayan la'asar a tsakar gida na gaya masa cikin ladabi. Ko kallon laftof ɗin bai yi ba. Ya ce, "Mi kike nufi? Ban iya ba ke nan? Abu ya yi wata da watanni yana aiki, sai a kan mutum ɗaya zai lalace?" Na ce Yaya ka zo ka gani da idonka. Ya ce, "Ke da na koya wa riƙe linzamin kwamfuta." Ya sa takalminsa ya fita. Amma bayan kwanaki na wuce ta ƙofar ɗakinsa na hango shi ya buɗe daidai wannan wurin a kod ɗin yana kallo, da ya ji motsina sai ya rufe. Ina jin ya sani. Ina jin nauyin abin ne ya fi ƙarfinsa, domin in ya yarda, to shi ya kori amininsa a kan laifin hannunsa.

Innarmu kuma sai tambaya take, wai ina Yero kwana biyu, ko an yi masa wani abu ne. Yaya ya ce aiki ne ya yi masa yawa. Ni in sunkuyar da kai.

Yanzu ina da lambar sirrin shiga sabar. Zan iya ɗora gyarana shiru ba wanda ya sani. Zan iya sa bidiyon gwajin a guruf kowa ya gani, amma hakan tozarta Yaya ne a gaban mutanen da su kaɗai suka rage suna kiransa Injiniya, kuma na san za a ce ina ruwan budurwa da kare saurayi, a ƙaga mana abin da babu. Zan iya gaya wa Yero shi kaɗai, amma me zai yi da labarin? Ko kuwa in yi shiru, tun da ba ni na ɓata ba? Ina son yayana, Anti. Amma duk ranar da na wuce majalisar nan sai in ji kamar da ni aka haɗa baki.

Ƙanwar Injiniya, Ƙofar Marusa, Katsina.

*

Wa alaikumus salam 'yata,

Na karanta wasiƙarki ban yi dariya ba. Shanun na wasa ne, amma sunan da aka liƙa wa Yero na gaske ne, kuma ya riga ya taɓa abincinsa, yana iya taɓa abin da ya fi haka. Don haka shiru ba ya cikin zaɓinki. Cire shi.

Ɗora gyaran a ɓoye ma cire shi, kuma wannan ya fi shirun muni. Ki duba: a yanzu kina da hujja ne saboda kuskuren yana nan, kowa zai iya maimaita shi. Ranar da kika goge shi ba wanda ya sani, shanu za su zauna lafiya, Yero kuma ya tabbata ɓarawo har abada a idon abokansa, ba sauran hanyar wanke shi. Kafin ki taɓa komai a sabar, ki ajiye tsohon mod ɗin yadda yake, ki ɗauki bidiyon gwajinki da allon kwamfutocin biyu a gefe da gefe.

A ɓangaren aiki kina kan daidai. Duk abin da in 'yan wasa biyu suka saɓa a kansa za a yi rigima, kamar mallaka, yawan shanu, inda saniya take, haihuwa da mutuwa, saba ce za ta yanke. Kwamfutar ɗan wasa ba ta da hurumin cewa "waɗannan nawa ne". Iyakarta ta ce "mai ni ya danna kira". Saba ta duba nisansa, ta duba shanun da ke nasa, ta motsa su, sannan ta sanar da kowa, kowace kwamfuta ta fitar da sautin da kanta. Ki tabbata kin raba su a fayil daban-daban, ba wai kin sa sharaɗi a tsakiyar fayil ɗaya ba, domin wani lokaci ambaton kod ɗin sauti ko na hoto kaɗai ya isa ya kayar da saba tun tana tashi. Abin da ɓangarorin biyu ke buƙata tare, kamar nau'o'in shanu da sunayensu, ki ware masa wurinsa, kada ya dogara da komai na allo. Daga yau kuma kada ku sake sakin wani gyara sai an gwada shi a saba ta gaske da kwamfuta biyu, ɗaya a kan sabis mara ƙarfi. Irin su Yero a haka suke rayuwa.

Yanzu yayanki. Ina so ki yi masa adalci. Kuskuren da ya yi kusan duk mai rubuta mod ya taɓa yin sa, saboda wasan mutum ɗaya yana ɓoye shi. Kuma tambayar da ya yi miki, me ya sa sai a kan mutum ɗaya, tambaya ce mai kyau, ko da cikin fushi ya yi ta. Kina da amsarta, amma kada ki ba shi da baki. Mutumin da ya daɗe yana jin an ce masa bai cancanta ba, in ƙanwarsa ta zo da laftof a buɗe a tsakar gida, inda kowa zai iya wucewa, ba bayani yake ji ba, hukunci yake ji. Ki same shi a ɗakinsa. Kada ki kawo gyaranki tukuna. Ki ajiye kwamfuta biyu, ki miƙa masa mai raunin sabis, ki ce ya danna kiran da hannunsa. In shanunki suka bi shi, ba sai kin ƙara kalma ba. Ki kuma gaya masa gaskiyar da kika gaya mini, cewa shi ya koya miki karanta kod, kuma da bai koya miki ba da ba ki gano wurin ba. In yana so ya yi gyaran da kansa, ki bar shi ya yi, naki ya zama abin dubawa. Ba sunan wanda ya gyara ake nema ba.

Sai dai tausayin yayanki yana da iyaka, kuma iyakar ita ce Yero. Ki faɗa masa a fili, ba da barazana ba, cewa ba za ki iya ci gaba da riƙe wannan ba, kuma kina so Yero ya ji daga bakinsa kafin Juma'a mai zuwa. In ya ƙi, ki gaya wa Innarku. Ba sai ta fahimci saba da mod ba. Za ta fahimci cewa an zargi yaron da ya saba cin abinci a gidanta da abin da bai yi ba, kuma ɗanta ya sani. Uwa ta san yadda za ta yi da wannan fiye da ni da ke. In duk hakan bai yi ba, to ki sa bidiyon a guruf da gajeren bayani na abin da ya faru a kod ɗin, ba zargi, ba kare kowa. Masu surutu a kanki za su yi na kwana biyu. Bidiyon kowa zai iya gwadawa a kwamfutarsa.

Akwai abu guda da ba ki tambaye ni ba, amma zan faɗa. Kuskuren kod ne ya sa shanu suka bi Yero, amma ba kod ne ya rubuta "gado ne" ba, ba shi ya liƙa bindiga a hoton mutum ba. Ko da Yero ya yi maguɗi a wasan, wannan ba daidai ba ne, kuma yayanki yana gani ya bari. Don haka sanarwar cewa an gano matsala an gyara ba ta isa ba. Hashimu ya rubuta a guruf da sunansa cewa Yero bai taɓa komai ba, kuskuren daga aikinsa ne, ya sa a goge hoton, ya nemi Almu da Sammani su ba da haƙuri. Sannan ya maimaita maganar a majalisar bakin titin, a gaban waɗanda suka ji sunan, domin can ne cutar ta fi yawa. Amma kafin duk wannan, ya hau babur ya je bayan gari ya sami Yero a gida. Ba saƙon waya ba.

Ki shirya zuciyarki, ki kuma shirya ta yayanki: mai yiwuwa Yero ya yafe amma ya ƙi komawa wasan, mai yiwuwa ya ce a cire muryarsa daga ciki. In ya ce haka, ku cire, kada ku roƙe shi. Ya ga yadda abokansa suke ɗaukarsa a lokacin da ba su da hujja sai ƙabilarsa, kuma wannan ba abu ba ne da ake mantawa a rana ɗaya. Abin da ke wuyanku shi ne ku mayar masa da sunansa cikakke. Abin da zai yi da abotar bayan nan, nasa ne.

Allah ya sassauta zuciyar yayanki, ya buɗe masa ƙofar aiki, ya kare Yero da iyalinsa, ke kuma ya yi wa iliminki albarka. Ki je ki ƙwanƙwasa ɗakinsa yau.

Taki,
Anti Rahmatu